Kwal Ɗin da Yaya Ya Mayar

Yayana shekara ashirin da bakwai ya yi a ɗakin gwajin kwal na masana'antar siminti. Ni kuwa direban tifa ne, kwal ɗin nake kai musu. Direbobi suna kiransa Sau Biyu, don ba ya auna abu sau ɗaya ya yarda. Ko ƙofar gida ya kulle sai ya koma ya girgiza kwaɗon.

Ɗakin nasa ɗan ƙarami ne: dogon tebur mai farin tayil, tanderu biyu, da sikeli a cikin akwatin gilashi. Duk motar da ta shigo sai an ɗebi kwal ɗinta daga sama, tsakiya da ƙasa, a niƙe, a raba biyu. Rabi a gwada, rabi a rufe a kwalba a ajiye wata uku saboda gardama. Yaya yakan ƙona kaɗan ya ga yawan tokarsa, ya duba farar wutar da ke ciki, ya kuma auna danshi. Na danshin ma ya taɓa nuna mini. A auna garin a ɗan kasko, a busar a tanderu, a sake aunawa, abin da ya ragu shi ne ruwan. Kaskon ba ya taɓa shi da hannu, sai da awartaki, wai gumin yatsa ma nauyi ne.

"Auta, ruwa ba ya ci da wuta," yakan ce mini. "Wanda ya sayi jiƙaƙƙen kwal, ruwa ya saya."

Wata Talata na shigo da lodi, na san kuma a bushe yake, don da hannuna na ɗaure tamfol. Ina zaune a inuwar mota sai ga takarda: danshi ya wuce ƙa'ida, a mayar. Sa hannun Yaya ne a ƙasa.

Kai, ranar na yi hauka! Na faɗa ɗakin ba sallama.

"Yaya, ni za ka yi wa haka? Kwal ɗin nan ƙura yake tashi!"

"Sau biyu na auna," ya ce, bai ko ɗago ba. Hannunsa na dama yana cikin aljihun farar rigarsa.

"Auna sau ɗari mana! So kake a ce ba ka san ɗan'uwa ba, a yaba maka a kaina."

Na faɗi abin da ya fi wannan ma, ba zan maimaita ba. Maigidana mai motar ya ce sakacina ne, ya karɓe makullin mota na sati uku. Na daina zuwa gidan Yaya. Matarsa ta aiko a gaishe ni, na ce ina amsawa, iyakarta ke nan.

Ran Asabar ta uku da hantsi ina wanke ƙafa a tsakar gida sai na ji sallamarsa. Ya ƙi zama. Ya miƙo mini takarda da hannun hagu.

"Kwal ɗinka a bushe yake. Na ba abokiyar aikina kwalbarka ta gwada. Ga shi, ka kai wa maigidanka."

"To ina sau biyun naka?" na ce, don har lokacin raina a ɓace yake.

Sai ya zaro hannun dama daga aljihu ya miƙe shi a gabana. Yatsun suna rawa, a hankali, ba tsayawa. Ya ce shekaranjiya yana goge tebur ya ga baƙin gari ɗigo-ɗigo a kan tayil, tun daga sikeli har bakin tanderu. Kaskon ne ke karkarwa a awartaki, garin yana zuba, shi kuma yana rubuta abin da ya zube a matsayin ruwa. Duka awon biyu haka aka yi.

"Wata huɗu ina ɓoye rawar hannun nan, Auta. Na ce sanyi ne. Na sa a sake gwada duk kwalaben da na sa wa hannu, kuma jiya na ajiye aikin, na ba shugabannin masana'anta makullin ɗakin."

"Haba Yaya! Da ka yi shiru wa zai sani? Saura shekara uku ka yi ritaya. Ai da sai ka riƙe da hannu biyu."

"Ni na sani," ya ce. "Ka yafe mini."

Mutumin da ya goya ni zuwa makaranta ne yake tsaye a tsakar gidana yana neman gafarata. Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa idona. Na kawo masa ruwa a kofi, ya karɓa da hannu biyu, duk da haka sai da ya zuba a gaban rigarsa.

An mayar mini da mota ran Litinin. Har yau ina kai kwal, wata mata ce ke sa hannu yanzu, kuma tana da kirki. Takardar nan tana cikin aljihun motata, ban taɓa jin daɗin ganinta ba. Sati uku ina rantsuwa kwal ɗina a bushe yake, kuma gaskiyata ce. Wallahi da na san farashinta, da na so a ce a jiƙe yake.