Garin da Hajiya Ta Zuba a Tukunya

Shekara ta sha uku da zuwana New York na samu aikin jinyar wata tsohuwa 'yar Japan a Manhattan. Kullum da safe nakan baro unguwarmu ta Soundview a jirgin ƙasa, in yi mata wanka, in ba ta magani, in dafa mata farar shinkafa. Ba ta cin shinkafar sai ta barbaɗa wani gari baƙi-baƙi da take kira furikake. Ranar da ya ƙare ta ce in turo keken zamanta kicin, ba za ta ci na kanti ba.

A nan na koya. Ana soya riɗi a busasshen kasko, wuta ƙasa-ƙasa, har ya fara tsalle. Akwai busasshen kifinsu da aka kankare sirara kamar ɓawon albasa, shi ake jiƙawa da ruwan waken soya da ɗan sukari, a yi ta juyawa har ya bushe ƙarau. Sai ganyen teku, wanda ake sayarwa falle-falle kamar takarda, a gifta shi a kan wuta a murtsuke da hannu. Akwai wani ruwa mai giya da suke ƙarawa, tsohuwar ta ture kwalbar gefe saboda ni. Ta ɗaga yatsa ta ja min kunne a kan abu ɗaya: garin nan ba ya shiga tukunya. Sai shinkafa ta nuna, an zuba a kwano, sannan a barbaɗa.

Na haɗa nawa a gida, na ƙara masa barkono kaɗan don bakina ba ya jin abinci salam. Ina da 'ya guda ɗaya, a lokacin shekararta sha biyu, a nan aka haife ta. Yarinyar nan ta sha wahalar da ni a kan abinci. Tuwo ba ta so, miyar kuka kuwa ko warinta. Amma ranar ta cinye kwano biyu na shinkafa da garin nan, har tana suɗe cokali. Daɗin da na ji ba ya faɗuwa.

Da aka yi suna a gidan wata maƙwabciyarmu, 'yata da kanta ta ce mu tafi da kwalba ɗaya. Wannan ne karo na farko da ta ga uwarta ta iya wani abu da za ta nuna wa ƙawayenta. Ta rungume kwalbar har cikin falon.

A unguwarmu akwai wata mata da kowa ke kira Hajiya, ita ce uwar girki a kowane biki. Ba a ɗora tukunya sai ta ce, ba a sauke sai ta ɗanɗana. Ta karɓi kwalbar daga hannun yarinyar, ta buɗe, ta shinshina, ta yatsine fuska.

"Wannan kuma wane irin seasoning ne? Ke, uwarki shara ta kwaso mana daga bakin teku?"

Mata suka kwashe da dariya. Hajiya ta miƙa wa wata ta ce a kai waje kada ya ɓata wa mai jego hanci. Ni da an yi min a keɓe, wallahi da na shanye. Amma na ga idon 'yata ya ciko, ta zo ta kama min mayafi tana cewa, "Mommy, let's go home." Tun daga ranar ba ta sake yarda ta bi ni wani taro ba. Garin ma ta daina ci, ta ce wari yake.

Hajiya kuwa ban fasa gaishe ta ba. Na gaishe ta a masallaci, na gaishe ta a shagon 'yan Nijar inda muke sayen riɗi, ina murmushi. Ni ba mai saurin faɗa ba ce, amma ina da riƙo, kuma ban taɓa ɓoye wa kaina hakan ba.

Abin mamaki, kwalbar da aka kai waje wata ce ta tafi da ita gida, yaranta suka so shi. Kafin wata huɗu mata sun fara tsayar da ni a hanya, kowa na so in haɗa mata. Labari ya kai kunnen Hajiya, ita kuwa ba ta jure a yi zancen girki babu sunanta a ciki. Wata Laraba da rana sai ga wayarta. Babu ban haƙuri, babu ko alamar ta tuna.

"Ƙanwata, garin kifin nan naki, ki haɗa min babbar kwalba. Surukan ɗana za su zo daga Tompkinsville ranar Asabar. A dafa-duka zan zuba, tun wajen suyar tumatir."

Na ji ta sarai. Ta ɗauka irin garin kifinmu ne na miya, wanda sai ya dahu yake ba da daɗi. Maganar tana bakina, kalma biyar ta isa. Na haɗiye ta.

"To Hajiya, an gama," na ce.

Na tsaya na yi shi da kyau, don kada a ce kayana ne marasa kyau. Riɗin ya soyu daidai, kifin ya bushe. Ganyen teku ne kawai na ninka, sukarin ma ban yi rowarsa ba.

Ranar Asabar na je da wuri, na zauna ina yanka kabeji inda nake hango murhu. A gabana ta juye kwalbar kaf a cikin tumatir, ta zuba ruwa, ta kawo shinkafa ta rufe. Ganyen ya narke ya zama yauƙi. Sukarin ya kama gindin tukunya. Da aka buɗe, shinkafar da ya kamata ta fito ja ta fito baƙa-baƙa tana danƙo, ƙarni ya cika gidan har matakala. Baƙi kuwa sun riga sun zauna, babu lokacin sake wata.

Aka kai musu haka. Uwar amarya ta kai cokali ɗaya, ta ajiye, ta ce ita dama ta ci abinci kafin ta fito. Sauran suka yi ta shan lemo. Matan da suka yi min dariya ranar suna, yau sun sunkuyar da kai suna danne tasu.

Hajiya ta same ni a kicin, gumi ya jiƙa mata ɗankwali.

"Kin san haka zai yi?"

"Na sani, Hajiya."

"Shi ne ba ki faɗa min ba?"

"Ba ki tambaye ni ba."

Na wanke hannuna, na ɗauki jakata na fito. A gida na ba 'yata labarin tun daga farko, ban rage komai ba. Ba ta yi dariya ba, ta dai tambaye ni ina aka kai shinkafar. Na ce an zubar.

Wannan kam ya dame ni, tukunya guda ta abinci a bola. Na yi istigfari a kan shinkafar, na yi sadaka da buhu guda. A kan Hajiya kuwa, har yau ban nemi gafara ba.