Masu Sunan Maigida

Ban taɓa faɗin sunan maigidana da bakina ba, kuma ba zan fara yanzu da furfura a kaina ba. Haka aka tarbiyyantar da mu. Surukata ma, wadda muke kira Inna, ba ta faɗinsa, domin shi ne ɗanta na fari. Ni da ita duka Likita muke ce masa. Don haka a gidanmu na unguwar Gesse sunan ba ya fitowa sai daga bakin baƙo.

A waje kuwa, tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, suna ne da ake ji kullum, domin sanannun mutane huɗu ne suke amsa shi. Ba sunan yanka kaɗai ya zo ɗaya ba, har da na mahaifi, alhali babu dangantakar jini a tsakaninsu. Akwai masuncin Argungu, wanda ya taɓa fito da giwan ruwan da sai da ƙarti suka taru kafin a ɗaga shi. Akwai ɗan kokawa, ƙato mai wuya kamar turmi, wanda yara suke kwaikwayon tafiyarsa a lungu. Akwai malamin tafsiri na unguwar Nasarawa, dattijo mai sanyin murya. Na huɗu shi ne nawa, likitan dabbobi, wanda babu rugar da ba ta san farar motarsa ba. In za a bambanta su sai a ce na ruwa, na kokawa, na tafsiri, na shanu.

Shekaru da yawa abin dariya ne kawai. Wani Bafulatani ya taɓa zama a zauren malam har aka tashi karatu, sannan ya matsa ya ce saniyarsa ce ta ƙi kiwo. Wata rana kuma makaɗa suka tsaya a ƙofar gidanmu suna zuba kirari, sai da Likita ya fito da siraran hannuwansa suka gane ba shi ne ya kayar da kowa ba.

Dariyar ta ƙare a daminar da gulbin Rima ya cika ya cinye shinkafar fadamar Zauro.

Da hantsi ne. Likita ya fita tun da safe zuwa kasuwar shanu, ni kuma ina tsakar gida ina tsince shinkafa. Sai na ji salati daga zaure. Matan unguwa ne suka shigo, wata ta karɓe tiren daga hannuna, wata ta kama kafaɗata ta zaunar da ni a tabarma.

"Mi anka yi?" na tambaye su.

"Ki yi haƙuri, Hajiya. Yanzu munka ji a rediyo. Ruwa ne."

Na kira wayarsa, ba ta shiga. Na sake kira, ba ta shiga ba. Inna ta fito daga ɗakinta tana dafa bango, ta tsaya tana kallon bakin kowa. Muna cikin haka muka ji tsayuwar mota, sai ga Likita ya shigo da takalman robarsa duk taɓo. Wata mata ta yi ƙara ta ruga bayan randa.

Ashe masuncin ne ya rasu. An ga kwalekwalensa yana yawo shi kaɗai, aka same shi a wurin da ruwa bai wuce ƙirjin mutum ba. Abin da ya tsaya wa jama'a a rai ke nan: mutumin da ya yi rayuwarsa yana nutso a gurbi mai zurfi, a ce ya tafi a ruwan da yara suke wanka. Likita ya je Argungu ya yi ta'aziyya. Da ya dawo ya ce mini ya ji wani iri da ya ji ana ta nema wa sunansa gafara, amma ya faɗa yana murmushi.

Ba a kai ga yankan gero ba ɗan kokawar ya faɗi. Ba a fili ba, ba a hannun wani ba. Yana cikin gonarsa yana duba zangarniya, ya ce wa ƙanensa kansa na sarawa, ya zauna a gindin itace, bai ƙara tashi ba. Mutum ne da ko zazzaɓi ba a san shi da shi ba. Wannan karon babu wadda ta shigo mini da salati. Leƙe aka riƙa yi ta ƙofa, a gaishe ni sama-sama, a wuce.

Mai yi mini kitso ce ta fara faɗa mini abin da gari yake ciki. Ta kai rabin kaina sai ta sassauta murya.

"Hajiya, ke ba ki ji abin da ake cewa ba?"

"Mi ake cewa?"

"Jifa anka yi. Wanda ya kai aikin, suna kawai ya bayar, da sunan uba. Bai faɗi gida ba, bai faɗi sana'a ba. To abin shina bin masu sunan ɗaya bayan ɗaya, har shi iske wanda anka nufa."

Na ce mata wannan zancen banza ne, ta ji tsoron Allah. Ta ce ita ma ji ta yi. Ta ci gaba da kitso, ni kuwa na san abin da ita ba ta faɗa ba. Kafin damina Likita ya hana a sayar da naman wasu shanu a mayanka, ya ce masu ciwo ne, ya sa aka binne su. Mai shanun, wani dillali, ya bi shi har bakin mota yana cewa zai gani. Masunci da ɗan kokawa ban san suna da abokin gaba ba. Malam kuwa wa zai jefe shi? Duk inda na juya zancen, gidana yake dawowa.

Da na faɗa wa Likita sai ya ɓata rai.

"Ke da iliminki? Mutum biyu sunka rasu, kowa da kwanansa. Mutane nawa ke mutuwa a garin nan da ba sunanmu ɗaya ba?"

Gaskiya ya faɗa, amma gari bai tsaya a kan gaskiyarsa ba. Abokan aikinsa da suke rububin ya rage musu hanya suka koma hawa kabu-kabu. Mai shayin da yake tsayawa wurinsa ya fara miƙo masa kofi daga nesa. Wani maƙwabcinmu da matarsa ta haihu, wanda tun tana da ciki ya yi alkawarin zai yi wa Likita takwara, ranar suna sai muka ji an raɗa wani daban.

Inna ta kafa doka a gida. Duk wanda ya yi sallama ya ambaci sunan, kada a amsa masa. Ta sa aka kawo rubutu, ta tsaya a kansa sai ya sha. Wata safiya ta kira shi ɗakinta, ina jin su ta taga.

"Ka sake suna," ta ce. "A yanka rago, a raɗa maka wani. An sha yi."

"Inna, sunan da babana ya ba ni?"

"Babanka na ƙasa. Ni ce a raye, ni ce zan gani."

Ya ce ta yi masa addu'a kawai. Ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwarsa da baki, sai da kai.

Wata rana bayan la'asar aka yi sallama, aka ce malamin Nasarawa ne da kansa. Bai taɓa zuwa gidanmu ba. Likita ya shimfiɗa masa darduma a zaure, na dama fura na kai bakin ƙofa, kuma ban koma ciki ba. Na tsaya a bayan labule.

"Takwara," in ji malam, "na zo in ga wanda anka ce ni da shi muke layi."

Suka yi dariya, amma gajeriya.

"Malam, kai mi ka gani a cikin wanga zance?"

"Abin da na sani shi nake faɗa wa ɗalibai. Mala'ikan mutuwa ba ya ɓatan hanya, ba ya tambayar gida. Wanda anka aiko shi gare shi, shi zai ɗauka. Na faɗa a masallaci, na faɗa a zaure." Ya ɗauki ludayi. "Sai dai zauren ya rage cika. Kuma ba zan ɓoye maka ba, jiya wani ya kira ni daga baya a hanya, na kasa waiwayawa."

Na leƙa ta gefen labule. Malam yana riƙe da ludayin, furar tana zuba kaɗan-kaɗan a kan rigarsa bai ma sani ba. Tun da aka fara maganar nan ban ji tsoro irin na wannan lokacin ba. Da na sa rai in malam ya buɗe baki komai zai kwanta.

Da zai tafi ya riƙe hannun Likita ya daɗe bai saki ba. Ya ce duk wanda ya riga wani, na bayan ya tsaya masa a sallar jana'iza.

Ruwa bai gama janyewa ba aka kira Likita daga wata ruga a hayin gulbi, gaba da Argungu. Shanu suna tari suna faɗuwa. Mota ba ta kaiwa, sai an shiga kwalekwale. Na ɗauki jakar magungunansa na rungume, na tsaya a ƙofar ɗaki.

"Ka tura wani."

"Wa zan tura? Garke guda ne zai ƙare."

"Ruwan nan ne fa ya ci na farko."

"Hajiya, ba ni jakata."

Bai ɗaga murya ba. Na ba shi. Ya leƙa ɗakin Inna ya yi mata sallama, ta juya fuskarta bango.

Ya kwana can. Washegari wayarsa ta daina shiga, wanda ba sabon abu ba ne a hayin gulbi, amma na kasa cin komai. Wajen azahar ina alwala sai lasifikar masallacin unguwa ta yi ƙara. Ladan ya yi salati, ya faɗi sunan, ya faɗi sunan mahaifi, ya ce za a yi jana'iza bayan la'asar. Iska ta kwashe sauran maganar. Ban ji unguwa ba, ban ji gida ba.

Butar ta faɗi daga hannuna. Inna ta fito ba ɗankwali, ta zauna a ƙasa a tsakiyar gida, inda ban taɓa ganin ta zauna ba. Ƙanen Likita, wanda yake zaune tare da mu a lokacin, ya ja babur ya ce bari ya je Nasarawa ya gani. Muka zauna muna jira. Ban iya kuka ba, ban iya addu'a ba. Kaji suna ta tsattsagar shinkafar da na shanya, ina kallonsu ban kore su ba.

Da ya dawo bai kashe babur ɗin ba ya shigo.

"Malam ne," ya ce. "Ya gama karatun safe, ya ce bari shi ɗan kishingiɗa."

Muka yi salati. Babu wanda ya kalli idon wani a cikinmu.

Likita ya ji labarin a tashar Argungu, ya wuce Nasarawa kai tsaye, da taɓon gulbi har gwiwa. Abin da ya faru a wurin shi ya ba ni labari da bakinsa, bayan kwanaki. Ya ce da aka tayar da sahu, ya shiga ya tsaya, sai na damansa ya matsa, na hagunsa ma ya matsa. Jama'a ta cika fili har kan titi, amma shi kaɗai yake tsaye da sarari a kowane gefe. Sai da liman ya waiwayo ya ce a cike sahu, sannan wani tsoho ya zo ya haɗa kafaɗa da shi. Ya ce tsohon yana ta karkarwa har aka sallame.

Daga ranar gari ya zuba ido. Ni ma na zuba. In ya yi tari sai gabana ya faɗi. In ya yi jinkirin dawowa sai in tsaya a zaure. Shi kuwa ya rame, ya rage magana, amma bai fasa fita ko sau ɗaya ba. Aka yanke gero, aka dasa albasa, aka cire ta, wata daminar ta zo ta wuce. Babu abin da ya same shi.

Dillalin nan ya zo da ƙafarsa wata rana, da dattawa biyu. Ya ce zancen ya hana shi sakat a kasuwa, har ana gudun cinikinsa. Ya rantse a zaurenmu cewa bai taɓa kai sunan kowa ko'ina ba, baƙin cikin asara ne ya sa ya yi furucin. Likita ya ce ya yarda, suka yi musafaha. Inna ba ta yarda ba har ta koma ga Allah. Ita a wurinta abin bai tafi ba, yana nan yana jira.

Sannu a hankali mutane suka dawo shiga motarsa. Yanzu ya yi ritaya, yana kiwon 'yan tumakinsa a bayan gida, gwiwa ce kawai take damunsa. Ba ma tayar da zancen.

Bara 'yarmu ta fari ta haifi namiji. Mijinta ya zo da fara'arsa, ya durƙusa a gaban Likita, ya ce yana neman izini ya yi masa takwara. Likita ya karɓi jaririn ya daɗe yana kallonsa, ya yi masa addu'a a kunne. Sannan ya miƙa shi.

"Na gode, Allah shi yi maka albarka," ya ce. "Amma ka zaɓa mishi wani."

Mijin 'yarmu ya buɗe baki zai yi magana, na girgiza masa kai daga inda nake zaune. Ya karɓi ɗansa.