Gaynell Stroud, Wadda Alƙali Ya Ce Ba Ita Aka Yi Wa Ba

Ranar Talata, huɗu ga watan Maris, ina tsaka da ɓare jatan lande a kicin, 'yarki Marcy ta kira ni ta ce Allah ya yi miki rasuwa a nan garin Mobile. Mis Gaynell, na ajiye wuƙar, amma hawaye bai zo nan take ba. Kunya ce ta riga shi.

Shekara goma sha ɗaya kina manajar gidan abincin Madam Darla Kimbrough, wadda duk Amurka ke kallon murmushinta a talabijin tana soya kaza. Mu masu suyar ta gaskiya baƙar fata ne. Ta ƙofar baya muke shiga, banɗakinmu daban, ba a yarda mai cin abinci ya ga fuskarmu ba. Ke farar fata ce, babu mai hana ki ƙofar gaba, amma kullum tamu kike bi, ki ce, "Dessa, matsa min, wannan ta fi kusa da kofi." Da mijina ya kwanta jinya, wata uku kina tsaya min a gaban murhu ranar Lahadi, kina ƙona shinkafa kina ɗora wa tukunya laifi.

Kika kai ƙara kan abin da ake mana, aka kore ki. Alƙali ya ce ba ki da hurumi, tunda ba ke aka nuna wa wariya ba. Lauyanki ya ce in mutum ɗaya a cikinmu ya sa sunansa, shari'a za ta farfaɗo. Mu goma sha huɗu ne, kowa ya sunkuyar da kai, har da ni, don ina tsoron aikina.

Sai muka ji kun sasanta da Madam kan batun korar. Kin sa hannu ba za ki sake buɗe baki ba, za ki kuma miƙa duk takardar da ke hannunki. Na ce ai dama, an toshe mata baki. Akwatin katunan da ake rubuta yadda ake girki da kika ajiye min a ƙofar gida kwana ɗaya kafin sa hannun, na jefa shi saman firji ban buɗe ba. Shekara biyu ina sauya layi in na hango ki a kanti. Ban san cutar daji ta riga ta kama ki ba, inshorar lafiya kuma ta tafi tare da aikin.

Jiya a gidanku maƙwabta na ta kawo kwanukan abinci kamar yadda aka saba, sai ga lauyan Madam da kek a hannu, mutumin da bai taɓa gaishe ki ba. Ya ja mijinki Hoyt gefe.

"Mista Stroud, sannu da haƙuri. Ko marigayiya ta bar wasu 'yan rubuce-rubuce? Madam na so ta adana, don tunawa."

"Ta bar min kare da ciwon baya," in ji Hoyt. "Wanne Madam ke so?"

Ruwa ba ya tsami banza. Na koma gida na sauko da akwatin. A bayan kowane kati, da rubutunki, akwai kwanan wata, da maganar wariyar da aka faɗa, da wanda ya faɗe ta, da wanda aka faɗa wa. Sunana na kan kati talatin da ɗaya. Takardar sasancin ta ce ki miƙa abin da ke hannunki, ranar kuwa ba ya hannunki. Ashe ni kika bar wa, ni da na zarge ki.

Alƙali ya ce ba ke aka yi wa ba. To, ni aka yi wa, kuma har yau ana yi. Ranar Litinin zan kai sunana kotu. Na san aikin shekara ashirin da biyu zai tafi, kuma ba zan ɓoye miki ba, ina jin tsoro.

Ubangiji ya jiƙan ki, Mis Gaynell, ya hutar da ke, ya yafe min zaton da na yi miki. Hoyt da Marcy, Allah ya ba ku haƙuri da dangana. Ni kuma ya ƙarfafa min gwiwa ranar Litinin, don ta ƙofar gaba zan shiga.

Odessa Tillery