Mahayin da Ya Ƙi Sauka

Ina zaune a ƙofar shagona a Buckden, sai ga wani mutum tafe daga hanyar London, bisa keken nan mai ƙatuwar tayar gaba da ta kai kafaɗar mutum. Ba yaro ba ne. Gashin bakinsa duk furfura, laka ta bushe a wandonsa, ga sabon rauni a haɓa. Bai tsaya ba, sai kewaya rijiyar kasuwa yake yi a hankali.

"Baiwar Allah, taimaka min da madara," in ji shi, murya a dushe.

Tabitha mai madara ta riƙe ƙugu. "Sauko mana! Ko ɗinke ka aka yi da sirdin?"

"Keken nan ba ya tsayuwa da mutum a kai. In kuwa na sauka, ƙafafuwana ba za su sake ɗora ni ba. York za ni."

Wa ke jiransa a York? Ina jin ba kowa, da tsufansa yake gardama.

Tabitha tana tsaki tana bin sa da kofi, rabi na zuba a hannunta. Ya shanye sauran, ya miƙo kofin, ya yi arewa.

Dukanmu mun kasa faɗa masa cewa tudun da ke gaba, ko samari sauka suke yi su tura.