Akwatin da Na Ƙi Rufewa

Wata biyar na kwashe ina haɗa wa 'yata kayan aure, aikin da sati biyu ya ishe shi. Ni maɗinkiya ce, a kan keke na tsufa a unguwar Kurayyat, nan ƙasar Larabawa, ba wanda zai ce hannuna ne ya mutu. Dangin angon da ke Zinder sun kira har sun gaji. Yau in ce leshin da na sayo a kasuwar Bab Makka bai yi ba, gobe in ce turaren wuta bai tsumu ba. Riga ɗaya sau uku ina farke mata kalmasa, alhali lafiyarta ƙalau.

Tsoro nake ji, shi ne gaskiyar magana. Yarinyar ita ta zaɓi mijinta, ban kuwa ga aibinsa ba. Amma iƙamarta, wato takardar izinin zama a ƙasar, a ƙarƙashin ta babanta take. Ranar da aka buga mata hatimin fita ta dindindin don ta bi miji, ta zama baƙuwa a garin da aka yanke mata cibiya. Ko ciwo ne ya kwantar da ni, sai ta nemi biza kafin ta zo ta riƙe mini kai.

Ita mai shegen son tarihi ce, kullum ido a waya. Wata la'asar ta jawo kujera kusa da keke ta ce za ta ba ni labarin wata sarauniyar Hittiyawa, mutanen da suka yi mulki inda Turkiyya take yanzu. Mace ce mai hatiminta na kanta, sarakuna na aiko mata wasiƙa. Ta amince ta aurar da 'yarta ga Fir'aunan Masar, sai aka yi ta jira amarya shiru. Da ya matsa, ta aika masa amsa a allon yumɓu cewa taskar gidansu ta ƙone, da me za ta yi wa 'yar gara? An tono allon, yana nan har yau.

Na ce to, ni ina ruwana da matan mutanen da.

Ta ce, "Ya Ummi, ke kuma me ya ƙone miki?"

Ƙafata ta tsaya a kan keke. Na so in yi mata faɗa. Maimakon haka sai na ce, "Ta sake ganin 'yar?"

"Wallahi ma adri, ban sani ba. Ba a samu allon da ya faɗa ba."

Dararen da na kwana ina tunani duk ba su kai wannan amsa nauyi ba. Na so ta yi mini ƙarya ko da kaɗan ce.

Cikin kwana biyu na gama ɗinkin. Na danne akwati da gwiwa na rufe, babanta yana tsaye yana cewa yalla, mu tafi. A filin jirgi ban yi kuka ba har muka dawo Kurayyat.

Da na yaye mayafin keke, sai ga rigar nan da na sha farkewa, a ninke. Ta zare ta daga akwati ban sani ba, ta farke kalmasar da hannunta, farka irin ta wanda bai iya ba. Na kira ta bayan ta sauka.

Ta ce, "Ki bar ta haka, Ummi. Sai na zo ki gwada a jikina."

Shekara biyu ke nan. Ban saka wa rigar allura ba.