Funfunar da Aka Shanya

Da mijina ya mutu, 'yan'uwansa suka raba gonakinsa a zaure, ni ina ɗaki ina takaba. Da na fito ban sami ko kunya ɗaya ba. Na ɗauki 'ya'yana uku na je ƙofar jauro, mai garinmu a bayan Pitowa. Ya ba ni aron rabin gonar bakin rami.

Kowa ya san gonar. Ramin na siminti ne, tun zamanin da ake tura shanu cikin ruwan magani saboda kaska. An daina tun ban yi wayo ba, amma ruwan da suka riƙa kwararwa ya shige ƙasa ya zauna. Masara a wurin takan tsaya a gwiwa, ganyenta rawaya. In ka tuge ta, saiwar gajera ce kamar an gutsure.

Ɗaya rabin yana hannun wata 'yar dutse, irin mutanen kan tsaunuka, Kirista, da ta sauko daga arewa da miji marar lafiya da tagwaye. Maman tagwaye nake ce mata. Ita kuma Hajiya take ce mini, alhali ban taɓa wuce Garwa ba. Hausarta ta kasuwa ce, Fulatanci kuwa gaisuwa kawai ta iya. Ta fi ni ƙarfin noma nesa. Ranar da zazzaɓi ya kayar da ni a gona, ita ta ƙarasa mini huɗa, ba ta kuma taɓa ambata ba.

Damina biyu muka yi, ba wadda ta cika buhu. Da ta uku ta gabato jauro ya kira mu.

Ya ce, "Gonar nan ba ta isa baki biyu ba. Bana wadda tata ta yi, ita za ta riƙe duka. Ɗayar ta nemi wani wuri."

Muka ce to. Muka dawo hanya ɗaya.

Kafin ruwan farko sai ga malaman gona daga Garwa. Dā ma sun taɓa zuwa sun ɗebi ƙasa a leda. Babbarsu mace ce mai wando da malafa, Madam ake ce mata. Aka taru a ƙarƙashin bishiyar ƙofar jauro. Tana Faransanci, tafinta yana juyawa da Fulatanci. Ni na tashi cikin Fulani, ina ji sarai.

Ta ce gubar da ke ƙasar sunanta arsenik, kuma ba ta ruɓewa. Ta ce ba su zo da maganin kashe ta ba. Ta buɗe buhu, sai ga ƙasa baƙa mai danshi, da guntayen saiwa a ciki. Ta ce akwai wani abu mai rai a ciki, ido ba ya ganinsa, dangin abin da ke fitowa a jikin tuwon da ya kwana uku. Yakan manne wa saiwar masara, ya miƙa zare cikin ƙasa ya jawo mata abinci, ya kuma rage gubar da take sha. A zuba ɗan kaɗan a kowane ramin shuka. Sai ta ɗaga yatsa biyu. Kada ya ga rana, a ajiye shi a inuwa. Kada a haɗa shi da jan maganin da ake shafa wa irin auduga. Kowanne daga ciki kashe shi yake. Aka raba mana buhu ɗai-ɗai.

Maman tagwaye ta taɓa ni da gwiwar hannu.

"Hajiya, me suka ce?"

"Sun ce funfuna ce. A zuba a ramin shuka."

"Shi ke nan? Duk surutun nan?"

"Shi ke nan."

Ban yi mata ƙarya ba. Sauran ne na haɗiye. Ba zan ce mantuwa ba ce.

Duk macen da ta taɓa riƙe rumbu ta san abin da ake yi wa abu mai funfuna. Bayan kwana biyu na bi ta ƙofar Maman tagwaye zan je rijiya. Ta baza nata a kan tsohon kwanon rufi, a tsakiyar rana, irin ranar da ba a taka ƙasa ba takalmi. Tana juya shi da hannu.

Ta ce, "Mutanen birni ke nan! Su kawo wa mutum abu da funfuna, ko shanyawa ba su yi ba. Naki fa?"

"Yana ɗaki."

"Kai, Hajiya, ragwanci! Kawo in shanya miki, akwai wuri a kwanona."

"Bari, na gode."

"To ki taimake ni da jan maganin nan, in kina da saura. In shafa wa iri, kada funfunar ta cinye shi."

Akwai saura a gwangwani, na mijina. Na koma gida na ɗauko na kai mata. Ta karɓa da hannu biyu.

Nawa buhun yana bayan randa, ina yayyafa masa ruwa kaɗan kamar yadda aka ce. Kwana uku nata ya yi a kan kwano. Ya bushe ya zama kamar toka.

Ruwa ya sauka, muka shuka rana ɗaya. Da farko ba bambanci. Bayan noman farko tawa ta fara duhu. Ba wata masarar kirki ba ce, wanda ke da gona mai kyau ba zai tsaya kallonta ba. Amma ta wuce gwiwa, ta wuce ƙugu, ta kai ƙirji, ta yi goyo. Tata ta tsaya inda ta saba tsayawa. Kullum tana can tun hantsi, tana cire ciyawar da babu. Ta kwaso kashin awaki a ka daga unguwar Fulani. Ta kawo mutanen cocinsu suka tsaya a kan iyaka suka yi waƙa. Wata rana ta tambaye ni ko akwai addu'ar da nake yi. Na ce babu, Allah ne ke rabo.

Da masara ta kusa nuna Madam ta dawo. Jauro ya biyo ta har gona, mutane suka biyo jauro. Ta shiga tawa ta auna da sanda, ta rubuta. Ta shiga ta maƙwabciyata, ta tuge ɗaya, ta daɗe tana kallon saiwar. Ta sa tafinta ya tambaye ta yadda ta yi da buhunta. Wani ya juya mata da Hausa.

Maman tagwaye ta amsa da ƙarfinta, don tana ganin ta yi abin yabo. Ta ce ta shanya shi kwana uku har funfunar ta mutu, ta kuma shafa wa irin magani.

Madam ta jefar da masarar. Ta yi ta faɗa, tafinta bai ma juya rabi ba. Ya ce, "An gaya muku! Da bakina na faɗa, sau biyu!"

Jauro ya dube ni. "Ke, ba ke ce kusa da ita ba? Ba ki gaya mata ba?"

Na ce, "Na gaya mata, ranka ya daɗe. Hausar ce ba ta ji sosai."

Aka yi dariya. Wani dattijo ya ce 'yan dutse ko ruwa aka ba su sai sun shanya. Aka ƙara dariya. Ita kuwa ko kallonsu ba ta yi ba. Ni take kallo, ni kuma ina kallon jauro.

A nan tsaye ya yanke. Bayan girbi gonar tawa ce duka.

Ta zo kwashe karan masararta ranar da nake karyar masara. Ta ɗaure dami ɗaya, ta tsaya a kan iyaka.

"Hajiya."

"Na'am."

"Ina jin Hausa."

"Na sani."

"To me na yi miki?"

"Ba ki yi mini komai ba. 'Ya'yanki biyu ne, nawa uku."

Ta gyara ganwo. Damin ya yi mata nauyi, ta kasa ɗagawa ita kaɗai. Na ajiye kwando na je na ɗora mata. Ta bari na ɗora, ta tafi.

Kafin sati suka bar garin a bayan motar kaya, mijin a kwance a kan buhuna. Wasu sun ce Tibati suka nufa, wajen masu ƙyafe kifi. Wasu sun ce mijin bai kai ba. Ban tambaya ba.

A kan iyakarmu akwai layin yakuwa da ta shuka, ta yi kyau fiye da komai a gonarta. Washegari na zo da fartanya na tuge ta duka, na daidaita kunya.