Ruwan Alwala a Bakin Kasuwa

Na gama sakandare a Kazaure na dawo gida Roni, na tarar siyasa ta raba garin biyu. Faɗan ranar kasuwar nan a kan tuta aka fara shi. An wayi gari tutar wata jam'iyya tana cikin kwata, wasu suka ce iska ce, wasu suka ce hannu ne. Kafin la'asar samari sun ja daga a bakin kasuwa, da gora da adda.

Babana na'ibin liman ne. Shi da wasu dattawa sun daɗe suna bi gida-gida suna roƙon mutane don Allah su daina ɗaukar makami. Yana da wata dabara da ta yi masa aiki sau biyu. Ba ya yi wa masu faɗa wa'azi. Tsakiyarsu yake shiga ya ce lokacin salla ya yi, kowa ya yi alwala. Mai alwala dole ya ajiye abin da ke hannunsa ya tsuguna, kafin ya kai ga wanke ƙafa zuciya ta ɗan sauka.

Ranar babu namiji a gida, ni ya ce in ɗauko tulu da butoci in biyo shi.

"Malam, 'ya mace za ka kai cikin waɗannan?" in ji Inna.

"Ruwa kawai za ta ajiye ta juyo."

Na ajiye, amma na kasa juyowa.

Baba ya ce a yi alwala. Wani ya ce, "Malam, bari mu gama da su, sai ka haɗa mana da sallar gawa." Aka yi dariya. Duk da haka suka fara tsugunawa ɗaya bayan ɗaya, yawancinsu shi ya koya musu Fatiha. Na ga adduna a ƙasa, na fara numfashi.

Saura mutum ɗaya, wani mahauci maƙwabcinmu, yana tsaye da addarsa.

"Kai fa, ɗan Sarkin Fawa?"

"Ina da alwala, Malam."

"Tun ta azahar?"

"Ba ta karye ba."

Na san gaskiya ya faɗa, bai yi niyyar komai ba. Amma na ɗaya ɓangaren suka ɗago kai suka ga mutum tsaye da adda, su suna tsugune hannu a jiƙe. Suka zabura kan makamansu. Ban ga wanda ya kai dukan ba. Na dai ga hular Baba a ƙasa, sannan na gan shi.

A motar gyaɗa aka kai shi asibiti Kazaure, kansa a kan cinyata, ina ta kiran sunan Allah na rasa wace addu'a zan kama. Ya rayu. Kunnensa na hagu ya daina ji, in ya miƙe jiri na ɗibarsa. Ni kuma ko kwano ya faɗi sai in zabura.

Gobe kasuwa za ta ci, an ce samarin za su sake haɗuwa, Baba kuma ya ce zai je. Na durƙusa na kama ƙafarsa.

"Baba, don girman Allah ka bar wa liman. Wannan karon ba za su bar ka da rai ba."

Ya juyo min kunnen da ba ya ji. Inna ta ɓoye takalmansa a rumbu, ya ce kasuwar ba nisa, ƙafa ma ta isa.